Ga mai zuwa Tokiyo karon farko

'Yan'uwa, in kwana 3 ko 4 za ka yi, ka kama masauki kusa da layin jirgin ƙasa na Yamanote, shi ne ke zagaye tsakiyar birnin. Da saukarka, ka sayi katin Suica ka zuba masa kuɗi. Da shi za ka shiga jirgi da bas, har ruwa ka saya a kanti. Ka kauce wa jirgin 8 na safe, cunkoson ba a magana.

Abinci kuwa, don Allah a kula: romon ramen, wato taliyar Japan, sau da yawa da ƙashin alade ake dafa shi, a tambaya tukuna. Sallar Juma'a, akwai masallacin Tokyo Camii kusa da tashar Yoyogi-Uehara. Ka riƙe leda a jaka, kwandon shara na wuya a titi.