Yadda ake gano zaman kiɗan gargajiya a biranen Ayalan da Sikotilan

Baƙon da ya sauka Dublin ko Edinburgh da niyyar jin kiɗan gargajiya, abin da yakan fara cin karo da shi allo ne a ƙofar mashaya, an rubuta cewa ana kiɗa kowane dare. In ya shiga sai ya tarar da mutum ɗaya ko biyu a kan dandamali, ga lasifika, suna rera waƙoƙin da 'yan yawon buɗe ido suka riga suka haddace. Wannan wasan kuɗi ne, kuma ba laifi ba ne, amma ba shi ake nema ba. Abin da mutanen ƙasar ke kira seshin zama ne na makaɗa a kusurwar ɗaki, sun kewaye tebur, sun fuskanci juna, suna yi wa kansu kiɗa. Kai mai sauraro, albarkacinsu kake ci.

Daga bakin ƙofa ma ana iya bambancewa. In babu lasifika, babu dandamali, babu kuɗin shiga, makaɗan sun ba jama'a baya, ga akwatunan kayan kiɗa an tura ƙarƙashin benci, to ka zo inda ya dace. Wata alamar ita ce tsayawa. A wasan kuɗi ana gama waƙa ake ɗaukar wata. A zaman gaske sai a yi kiɗa na minti biyar ko shida, a ajiye, a yi hira, wani ya tambayi sunan karin da aka gama, wani ya ce shi ma bai sani ba, sannan can wani ya ɗaga gogensa ya soma sabo ba tare da sanarwa ba.

Gogen nasu tsirkiya huɗu gare shi, ba ɗaya ba kamar namu, kuma a kafaɗa ake dafe shi. Tare da shi za ka ga sarewar katako, da ƙaramin usur na ƙarfe mai ƙofa shida, da akodiyan, da banjo, da jita, da wata ganga mai fuska ɗaya ta fatar akuya da ake kira bodhrán. In ka yi sa'a a Ayalan ka ga algaitar salka wadda ba a busa ta da baki, da gwiwar hannu ake matsa mata iska ta zugazugi. Ita ce UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2017. Babbar algaitar salka ta Sikotilan, wadda aka saba gani a fareti, ba kasafai ake shiga da ita mashaya ba, don ƙararta za ta danne kowa. Ƙananan 'yan'uwanta ake kawowa.

Neman wurin da kansa ana fara shi tun kafin a bar gida. Shafin thesession.org yana da jerin wuraren zama gari-gari, har da taswira, kuma makaɗa ne da kansu suke cika shi. Rauninsa ɗaya ne, kuma babba: zama yakan mutu a bar sunansa a jerin. Mashaya ta canza mai ita, ko jagoran zaman ya ƙaura, ba wanda ya koma ya goge. Saboda haka kada ka tsaya kan sunan wuri da ranar. Gangara ƙasa ka duba ranar da aka yi magana ta ƙarshe a kan wurin. In shekara biyu ta wuce ba wanda ya ce uffan, ɗauke shi a matsayin jita-jita. Daga nan sai ka nemi shafin mashayar a Facebook ko Instagram, ka rubuta sunan garin tare da kalmomin trad session, ka ga ko an sa hoto ko sanarwa a makonnin nan.

Mataki na gaba shi ne wanda baƙi suka fi tsallakewa, shi ne kuma ya fi hana wahalar banza. Ka buga wa wurin waya a ranar, da la'asar. Tambaya uku ce: yau akwai zama, ƙarfe nawa ake somawa da gaske, kuma da lasifika ne ko babu. Ta ukun ita ke raba maka zama da wasa, domin mai mashaya duk kiɗa ne a wurinsa.

Amma intanet ba ta kai baki ba. Shagon sayar da kayan kiɗan gargajiya ya fi kowane ofishin yawon buɗe ido sanin inda ake zama, saboda masu tsaron shagon galibi makaɗa ne. A Dublin akwai ƙungiyar masu algaitar salka, Na Píobairí Uilleann, a titin Henrietta, da ma'ajiyar kiɗan gargajiya ta ƙasar a dandalin Merrion. Duk biyun mutanen harkar ne. Sannan da zarar ka samu zama ɗaya, an buɗe maka sauran. Jira a ajiye kiɗa, ka gaida ɗaya daga cikin makaɗan, ka tambaye shi ina zai yi gobe. Zaman da ya fi daɗi a gari sau da yawa ba a rubuce yake ko'ina ba, daren Litinin ne ko Talata a wata unguwa da bas ke kai mutum.

Ga wuraren da suka daɗe da suna, waɗanda za a iya farawa da su. A Dublin, The Cobblestone a unguwar Smithfield, kusa da tashar jan layin Luas, jirgin ƙasan cikin gari. Darajarta a idon mutanen birnin ta kai har a 2021 suka fito zanga-zanga da aka so gina otal a kanta, hukumar birnin kuma ta ƙi ba da izini. Akwai O'Donoghue's a Merrion Row, tsohuwa ce, sai dai cunkoso. Unguwar Temple Bar kuwa, duk da ita kowa zai nuna maka, yawancin kiɗanta na lasifika ne kuma abin sha ya fi tsada. A Galway akwai Tig Cóilí a tsakiyar gari da The Crane a Sea Road, inda ake hawa bene. A Cork, Sin É da The Corner House suna titi ɗaya, titin Coburg, don haka in ɗaya ta cika ka taka zuwa ɗayar. A Belfast, Madden's da Kelly's Cellars. Wanda ke da kwana biyu na sarari ya nufi gundumar Clare a yamma, garin Ennis da ƙauyen Doolin, inda kiɗan yake kamar ruwan sha.

A Sikotilan, Sandy Bell's a Forrest Road ita ce ta Edinburgh, 'yar ƙarama ce kusa da gidan tarihi na ƙasa, makaɗa na can ƙuryar ɗaki. The Royal Oak a titin Infirmary ta fi karkata ga waƙar baki. A Glasgow gwada Ben Nevis a titin Argyle. Birnin na da makarantar koyon kiɗa mai sashen gargajiya, shi ya sa matasan makaɗa suka yi yawa kuma hannunsu da sauri. A Inverness akwai Hootananny.

Lokaci yana da nasa sirrin. In an rubuta tara da rabi na dare, kiɗa bai cika kankama ba sai wajen goma, amma kai ka isa da rabin sa'a kafin lokacin da aka rubuta, in ba haka ba a tsaye za ka ƙare a bayan mutane masu surutu, ba ka jin komai tunda babu lasifika. A Jamhuriyar Ayalan ana daina sayar da abin sha sha ɗaya da rabi daga Litinin zuwa Alhamis, sha biyu da rabi Juma'a da Asabar, sha ɗaya ranar Lahadi, don haka zaman dare bai fi sa'a biyu zuwa uku ba. Daren Juma'a da Asabar su ne mafi muni ga mai son sauraro, hayaniya ta yi yawa. Yammacin Lahadi ya fi, kuma shi ya dace da mai iyali, domin dokar Ayalan ba ta barin yara a mashaya bayan tara na dare, ko goma daga Mayu zuwa Satumba. Ranar babban wasan ƙwallo kuma akwatin talabijin yakan kori makaɗa.

Watan da ka je ma yana sauya lissafi. A farkon Yuli makaɗa da yawa suna barin birane su tafi garin Miltown Malbay a gundumar Clare, makon koyon kiɗa da ake yi tun 1973 don tunawa da mai algaitar salka Willie Clancy, sai zaman Dublin ya yi laushi. A Agusta ake babban bikin ƙasa, Fleadh Cheoil na hÉireann, wanda ƙungiyar raya kiɗan gargajiya ta Comhaltas da aka kafa a garin Mullingar a 1951 take shiryawa. Yana yawo gari-gari, an yi shi a Wexford a 2024 da 2025. A wannan makon ba sai ka nema ba, a bakin titi ma ana zama, sai dai masauki ne ke ƙarewa watanni kafin lokacin. Glasgow tata a Janairu take, bikin Celtic Connections da aka soma a 1994, cikin tsananin sanyi.

Akwai maganar da ba za a kauce mata ba: yawancin zaman nan a mashaya ake yi. Ba wanda zai tilasta maka giya, kuma ba abin mamaki ba ne a ga mutum da shayi ko lemo, makaɗa da yawa ma haka suke yi saboda tuƙi. An hana shan taba a ciki tun 2004 a Jamhuriyar Ayalan, 2006 a Sikotilan. Abin da ake so kawai ka sayi wani abu, don cinikin ne ke sa mai wurin ya bar makaɗa su riƙe teburinsa. Wanda kuwa ba ya son taka mashaya sam, hanyarsa ita ce rassan Comhaltas, waɗanda ke taro a zauren unguwa ko makaranta, da hedkwatarsu a Monkstown a kudancin Dublin, da zaman bakin titi lokacin bukukuwa. A Landan akwai cibiyar al'adun Ayalan a Hammersmith da wata a Camden. Tambayi ko akwai wurin sayar da giya a zauren, don wasu suna da shi.

Da ka shiga, kar ka zauna a kujerun da ke kewaye da teburin makaɗa ko da babu kowa a kai. Na waɗanda ba su iso ba ne, kuma tashinka za a yi. Ba a liƙi. Wannan ya kamata Bahaushe ya riƙe, domin hannu yakan tafi aljihu da kansa in kiɗa ya yi daɗi, amma a can manna wa makaɗi kuɗi zai ba shi kunya, ya ga kamar an ɗauke shi mabaraci. Godiya ta baki ta isa, in ka so ka tambaya ko za ka saya musu abin sha. Tafa musu kuwa sai an gama. Tafa hannu ana cikin kiɗa yana rikita su, saboda sautin tafin yana isa kunnensu a makare. Hoto ko bidiyo sai da izini, kuma ba a haska musu fitila a fuska. In aka ji ana ta "shhh" ɗaki ya yi tsit, wani ne zai rera waƙa ba kiɗa, sau da yawa idonsa a rufe. Ko mai zuba abin sha yakan sassauta. Nan ko tari a danne.

Sanin ginin kiɗan yana ƙara daɗin sauraro. Kowane kari yawanci gaɓa biyu ne, ana maimaita kowace sau biyu, a zagaya karin gaba ɗaya sau biyu ko uku, sannan a faɗa wani karin ba tare da tsayawa ba, har biyu ko uku a jere. Dab da sauyin za ka ga wanda ya soma ya ɗaga kai ko ƙafa, ko ya yi 'yar ƙara "hup". Mai ƙirgen huɗu-huɗu da gudu shi ne ril, mai shida-shida kamar sukuwar doki shi ne jig. A Sikotilan akwai strathspey, mai tafiya da fizga kamar ana ɗingishi da gangan, a Cork da Kerry kuma polka ta fi yawa. Manhajar Tunepal tana iya sauraron kari ta faɗa maka sunansa, in hayaniya ba ta yi yawa ba.

Mai kayan kiɗa ya bar su a akwati tukuna, ya saurari jeri biyu ko uku, sannan ya tambayi jagoran ko zai iya shiga. Kusan kowane zama yana da mutum biyu ko uku da ke riƙe da shi, wani lokaci mai mashaya na ba su ɗan abin hasafi. Ba a karanta takarda, ba a ƙirƙira nan take. Karin da ba ka sani ba, ka ɗora kayanka a cinya. Ganga ɗaya da jita ɗaya sun wadatar a lokaci guda, kuma kalangu ko wata gangar waje ba ta shiga sai an gayyace ta. Mai koyo ya nemi abin da suke kira slow session, inda ake rage gudu saboda irinsa.

Sai batun takarda, ga mai son haɗa ƙasashen biyu a tafiya ɗaya. Edinburgh, Glasgow da Belfast duk Birtaniya ne, fam ake kashewa. Dublin, Galway da Cork Jamhuriyar Ayalan ce, yuro ake kashewa, bizarta daban, kuma ba ta cikin Schengen, wato yankin Turai mai biza ɗaya. Babu shingen bincike na dindindin a hanyar Belfast zuwa Dublin, amma jami'ai sukan tare bas su duba fasfo, kuma mai fasfon Najeriya ko Nijar da bizar Birtaniya kaɗai ba shi da izinin ƙetarawa.