Kurakuran da Makarantu Ke Yi wa Yara Masu Nakasa a Lokacin Tara

Da an kaɗa ƙararrawar tara kowa ya ruga waje, leƙa aji: za ka tarar da yaron da ke kan keken guragu shi kaɗai, yana gadin jakunkuna. Malamai gani suke gata suka yi masa, wai kada a ture shi. Wannan kuskuren ya fi kowanne yawa, alhali a tara yara ke ƙulla abota. A sallame shi minti biyu kafin sauran, tare da abokan da shi ya zaɓa, ba monitan da aka ɗora wa dole ba.

Sai gangaren siminti da keken guragu ke bi ya hau baranda. Dokar Najeriya ta hana nuna wa masu nakasa bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga shekara 5 su gyara. Wasu makarantun sun yi gangaren, amma irin na shigar da babur zaure, wanda ko babba ne ke turawa sai ya yi nishi. Ƙa'idar ita ce duk tudun inci 1 a ba shi tsawon inci 12, wato baranda mai tudun ƙafa ɗaya tana son gangaren ƙafa 12. A kuma duba inda ya sauka. Na ga wanda ya dire a bakin buɗaɗɗen lambatu, na ga wanda ya ƙare cikin yashi inda taya ke nutsewa. A rufe lambatun, a daɓe siririyar hanya har zuwa inuwa, famfo da banɗaki.

Wajen rabon abinci kuwa, in aka bar shi ya zama wawaso, mai dogara sanduna biyu da wane hannun zai riƙe kwano? A zaunar da yara duka, abinci ya zagayo. Kada dai a shimfiɗa masa tabarmarsa daban.

Kurma ba ya jin ƙararrawa, sai a haɗa da ɗaga tuta. Zabiya kuma a bar shi da hularsa mai faɗi, ko da ba ta cikin kayan makaranta, don rana na ƙona masa fata.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne ware wa mai farfaɗiya kwano da kofi. Ba a ɗaukar farfaɗiya ta miyau ko ta taɓawa. In ta tashi masa a fili, a janye duwatsu da benci, a sa masa wani abu mai laushi a ƙarƙashin kai, a juya shi ta gefe, kuma kada wanda ya cusa masa cokali a baki.