Kurakuran da ake yi wajen horar da manyan da ke kula da ƴan sikawut

Kuskure na farko yakan auku tun kafin a kai ga maganar horo, kuma kalma huɗu ce: "Ai mun san shi." Mutum ɗan unguwa ne, tsohon ɗan sikawut, kullum yana sahun gaba a masallaci, sai a miƙa masa yara talatin ranar Asabar a filin lakwal ba tare da an tambaye shi komai ba. Amma abin da masu aikin kare yara suka daɗe da tabbatarwa shi ne, mafi yawan waɗanda ke cutar da yaro ba baƙi ba ne. Mutane ne da yaron ya sani, iyayensa ma suka yarda da su. Yardar ce ke buɗe musu ƙofa.

Gyaran shi ne kowa ya bi hanya guda kafin ya kusanci yara, ko da ƙanen shugaban rukuni ne. Shugabanni biyu su zauna da shi ido da ido su ji dalilin da ya sa yake son aikin. Ya kawo mutum biyu da za su ba da shaida a kansa, waɗanda ba danginsa ba, kuma a kira su da gaske, kada a bar lambobinsu kwance a takarda. Ya kawo kaziye mai lamba 3, wato takardar kotu mai nuna ko an taɓa hukunta mutum, wadda ba ta wuce wata 3 ba. Ana karɓar ta a kotun wurin da aka haifi mutum, don haka wanda aka haifa nesa da Maraɗi, kamar Damagaram ko Tawa, ya fara nema da wuri. Sai ya sa hannu a takardar ƙa'idojin hali. A tuna dai kaziye tana nuna wanda kotu ta taɓa hukuntawa ne kawai. Wanda aka rufa wa asiri a unguwa, tasa takardar fara ce tas.

Wani kuskuren shi ne a horar da shugabannin sikawut masu ƙyallen wuya kaɗai. Mai dafa abinci a sansani fa? Direban mota, maigadi, uban da ya zo kwana don ya taimaka, da saurayin da ya cika shekara 18 bara amma har yanzu ana masa kallon yaro? Duk wanda zai kwana inda yara suke, ko zai iya keɓewa da su, horo ya hau kansa.

A shekarar 2017, a babban taron sikawut na duniya da aka yi a birnin Baku na Azarbaijan, aka amince da tsarin kare yara mai suna Safe from Harm, kuma akwai darussansa a intanet. Abin da ke ɓata su a wurinmu shi ne a taru mutum goma a kan talho ɗaya, wanda ya fi jin Faransanci ya danna amsoshi, kowa ya fito da takardar shaida da sunansa. Takarda ta samu, ilimi bai shiga ba. Kowa ya yi nasa da kansa, sannan rukuni ya zauna na awa biyu ko uku a maimaita darasin da Hausa, da misalai irin namu. A buɗe littafi a rubuta ranar da kowa ya yi horo da ranar da zai sabunta. A Ingila ana sabuntawa duk shekara 3. Wanda wa'adinsa ya wuce ba ya fita da yara sai ya sake.

Ƙa'idar da ta fi kowacce nauyi ita ce babba ba ya keɓewa da yaro. Kowa ya iya faɗin ta, amma a ƙananan wurare take karyewa. An tashi taro da magariba, yaro ɗaya ya rage ba a zo ɗaukarsa ba, shef, wato shugaban yaran, ya ce hau babur in sauke ka unguwar Bagalam. Niyya mai kyau ce, amma ƙa'ida ta karye. Abin yi shi ne manya biyu su tsaya da yaron a bakin ƙofa, a kira gida. Haka saƙon WhatsApp: babba ba ya rubuta wa yaro shi kaɗai, komai ya bi ta zauren da iyaye da wani shugaba suke ciki. In akwai maganar sirri da yaro, a yi ta ƙarƙashin bishiya inda ana hango su ko da ba a jin abin da suke faɗa. Ƙa'idar nan tana kare yaro, tana kuma kare mutumin kirki daga ƙazafi, shi ya sa bai kamata wani ya ji an raina shi ba.

Manya biyu shi ne mafi ƙaranci, amma fita daji da biyu ganganci ne. Zazzaɓi ya kama yaro da dare, ɗaya ya tafi da shi likita, to ga mutum ɗaya da yaro a hanya, ga ɗaya da sauran yara a sansani. A tafi da huɗu. Ƙungiyar Ingila tana sa babba ɗaya ga yara 8 masu shekara 8 zuwa 10 da rabi, ban da jagoran tafiya, da ɗaya ga 12 a kan masu shekara 10 da rabi zuwa 14, kuma wannan ma'auni ne mai kyau. In da yarinya ko ɗaya ce a tafiyar, dole a samu mace babba mai horo. Manya ba sa kwana ɗaki ɗaya ko tanti ɗaya da yara. Kada kuma a haɗa ɗan shekara 16 da ɗan shekara 10 a makwanci ɗaya, don yaro ma yana cutar da yaro. A Amurka ba a yarda tazarar masu kwana tanti ɗaya ta wuce shekara 2 ba.

Inda horo ya fi gazawa shi ne ranar da yaro ya buɗe baki. Yakan zo a kaikaice ne, yana murza bakin riga, ya ce: "Shef, in na faɗa maka wani abu ba za ka faɗa wa kowa ba?" Babba sai ya rantse. Kada ka rantse, don alkawari ne da ba ka da ikon cikawa. Ka ce masa: "Ina jin ka, yarona. In abin ya shafi lafiyarka, zan faɗa wa wanda zai taimake ka kawai." Ka bar shi ya faɗa da bakinsa. Kada ka ce "Malam wane ne ya taɓa ka, ko?", domin ka sa masa magana a baki, kuma gobe a gaban alkali wannan tambayar za ta iya rusa shaidarsa. "Sai me ya faru?" ta isa. Kada ka yi salati da ƙarfi ko ka ɗora hannu a ka, yaron zai ɗauka shi ne ya yi laifi ya ja bakinsa. Ka faɗa masa ya yi daidai da ya faɗa, kuma laifin ba nasa ba ne. Da ya tafi, ka rubuta kalmominsa yadda ya faɗe su, da rana da lokaci, ka sa hannu.

Abin da ke biyo baya shi ne ya fi ɓata mana rai: a kira wanda ake zargi a tsayar da shi gaban yaron, ko a kai magana zauren mai unguwa a yi sulhu "don rufin asiri", mutumin ya koma wani rukuni a wata unguwa. Asirin babba aka rufa, yaron aka bari da ciwo, aka kuma miƙa wasu yaran. Ƙungiyar sikawut ta Amurka ta shafe shekaru tana ajiye sunayen irin waɗannan mutane a ɓoye a wurinta. A 2020 ta kai kanta kotu a kan ta karye, mutum sama da 82,000 suka shigar da ƙarar an ci zarafinsu suna yara. Shef ba mai bincike ba ne. Aikinsa ya kai rahoto a ranar ga wanda ƙungiya ta naɗa kan kare yara, a dakatar da wanda ake zargi daga hulɗa da yara har a gama, a sanar da ƴan sanda ko jandarma da ma'aikatar kare yara ta jiha. In haɗarin na nan take ne, a kira 17, lambar ƴan sanda. In fyaɗe ne, a kai yaron asibiti ba tare da wanka ko wanke tufafi ba, kuma kafin awa 72 ta cika, don maganin kariya daga ƙanjamau a cikin wannan lokacin yake aiki.

Bulala, tsallen kwaɗo da durƙuso a rana ba horon sikawut ba ne. Yaron da ke tsoron shef ɗinsa ba zai kawo masa irin maganar can ba.

Sai lafiyar jiki, wadda ake barin ta ga "Allah ya kiyaye". Gulbin Maraɗi yakan cika da damina ko da ba a yi ruwa a gari ba, saboda daga Najeriya yake gangarowa, kuma ramukan masu ɗibar yashi ba sa ganuwa a ƙarƙashin ruwa. Ba wanka a gulbi ko tafkin Madarumfa sai da babba mai iya ceto tsaye a baki yana ƙirga kawuna. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, a yi tafiyar ƙasa da asuba, a sauka kafin hantsi ya yi zafi. A cikin akwatin agaji a sa sinadarin gishiri da sukari, ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Kowane yaro ya zo da gidan sauro, da takardar izini mai sa hannun uba ko uwa, a rubuce da lambobi biyu na gida da ciwon da yake da shi, musamman sikila, asma ko farfaɗiya. Kafin ranar tafiya, mutum ɗaya ya je ya ga likitar da ta fi kusa da sansanin, ya tambaya ko ana samun ma'aikaci a wurin da dare.