Kafin ka yi wa jirgin faiba faci

'Yan uwa masu ƙananan jiragen ruwa na faiba (ƙyallen zaren gilashi da aka daskarar da gam), musamman masu tafiya da iska, ga shawara kan tsaga.

Kada ka yi gaggawar shafa rezin, wato ruwan gam ɗin da ake jiƙa ƙyallen faiba da shi ya daskare. Fito da jirgin tudu tukuna, ka bi kewayen tsagar kana ƙwanƙwasawa da ƙotar sukundireba. Inda ya yi ƙara ƙal-ƙal, lafiya lau. Inda sautin ya mutu, faiba ta rabu a ciki, kuma ɓarnar kan fi abin da ido ke gani faɗi. Kankare duk ruɓaɓɓen wurin, ka bar shi ya bushe sarai, domin rezin ba ya kama danshi.

A nan wasu masu gyara ke yin ha'inci, ba sa yin aikin yadda ya kamata: sai an goge bakin ramin da samfefa ya zama gangare, faɗinsa ninki 12 na kaurin jikin jirgin. Kauri milimita 5, gangare milimita 60 ta kowane gefe. Sai ka share da asiton (sinadarin wanke maiƙo), ka jera ƙyallayen faiba ɗaya bisa ɗaya, kana matse iskar da ta maƙale.

Cikin nau'ikan rezin, ni na fi son ifoksi a kan foliyesta wajen faci, ko da ya fi tsada. Yana kama tsohuwar foliyestar jikin jirgi da ƙarfi, ita kuwa foliyesta ba ta kama ifoksi sosai.

Da rana tsaka rezin na saurin daskarewa, don haka kwaɓa kaɗan-kaɗan a inuwa. Sa takunkumi da safar hannu, ƙurar faiba na cutar da huhu, ga ƙaiƙayi.