Yadda na raba kyanwata da tsutsar ciki

Kyanwar nan tana cin abinci kamar me amma sai ramewa take, gashi duk ya tashi, sai wata safiya na ga wasu fararen abubuwa kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin wutsiyarta suna motsi, wallahi sai da jikina ya yi yar. Maƙwabcinmu a Birni ya ce in ba ta maganin da suke ba tumaki, na ce a'a malam, na ɗauke ta sai wajen likitan dabbobi a nan Damagaram.

Ya ce tsila ce, kuma ƙuma ce ke kawo ta, in kyanwa na lasar jiki ta haɗiye ƙuma shikenan. Farko ya ɗora ta a sikeli don da kilo ake auna magani, sannan ya ba ni ƙwaya mai praziquantel da pyrantel a haɗe. Na murƙushe na cusa cikin kifin gwangwani ta cinye tas.

Ƙumar ma na kashe, na wanke tsumman da take kwana da ruwan zafi, in ba haka ba tsutsar dawowa za ta yi. Amma fa maganin ƙumar kare mai permethrin kar ya taɓa kyanwa, kashe ta yake.

Yanzu duk wata 3 nake maimaitawa tunda tana farautar ɓera.