Yadda Na Sasanta Tsohon Kare da Dabbobin Gidanmu

Maƙwabcinmu a unguwar Birni ya tashi daga Damagaram, ya bar mini ɗan ƙaramin karensa, shekararsa 10, haƙoransa sun fara zubewa. A gida kuwa akwai kyanwa biyu, da akuya, da kaji. Ranar farko kyanwa ta yage masa hanci, ya shige ƙarƙashin rumbu ya ƙi cin abinci. Abin ya dame ni ƙwarai.

Laifina ne, na haɗa su lokaci guda. Sai na keɓe shi a zaure kwana 7. Kullum ina goga masa tsumma, in ajiye inda kyanwoyin ke kwanciya, nasu ma in kai masa, har suka saba da warin juna. Daga nan na riƙa fito da shi da igiya, minti 10 da la'asar, in rana ta yi sanyi.

Kwanonsa daban, nesa da kowa, domin a kan abinci faɗan ke tashi. Tuwo nake jiƙa masa da romo saboda haƙoran. Likitan dabbobi ya yi masa allurar rigakafin haukar kare.

Yanzu sati 3 ke nan. Kyanwoyin na wucewa ta gabansa, ko kai ba ya ɗagawa. Kaji dai har yanzu ba na barin shi da su sai ina wurin.