Sunanka a kan maƙala: jan kunne ga sababbin zuwa ɗakunan binciken yis

Duk kaka sai mun ga sababbin fuskoki daga Kano, Zariya, Sakkwato da Maraɗi sun sauka a Ingila, Jamus ko Amurka don digiri na uku a fannin ƙwayoyin gadon yis. Abin alfahari ne, sannunku da zuwa. Aikin hannu ba ya ba 'yan'uwanmu wahala. Haɗa abincin yis na YPD, ajiye faranti a zafin digiri 30, jiran kwana biyu ko uku yis ya tsiro, adana iri a firiza mai sanyin 80 ƙasa da sifiri, duk wata guda ya ishe ka ka iya. Inda ake tuntuɓe shi ne tarihin wallafe-wallafe, kuma ba a jin zafin faɗuwar sai bayan shekara huɗu, ranar da takardun zama suka buƙace shi.

Fannin nan ba ya ɓoye aikin kowa. Tun 1996 aka kammala karanta tsarin gadon Saccharomyces cerevisiae, wato yis ɗin burodi, ƙwayoyin gado kusan 6,000 a kan kuromozom 16, kuma rumbun SGD da ke Jami'ar Stanford yana liƙa maƙaloli a jikin ƙwayar gadon da suka yi magana a kanta. Masu aiki da wani nau'in yis, Schizosaccharomyces pombe, suna da nasu rumbun, PomBase. Don haka rubuta sunayen ƙwayoyin gado bisa ƙa'ida, misali CDC28 da manyan baƙaƙe ga lafiyayya, cdc28 da ƙanana ga wadda ta sauya, Cdc28 ga furotin. Ka kuma faɗi irin da ka yi aiki da shi, BY4741 ne ko W303, domin sakamakon ɗaya ba lallai ya fito a ɗayan ba.

Yanzu ga babbar matsalar, wato suna. Ɗan'uwa, zauna ka ji da kyau. Rumbunan Turawa an gina su ne a kan sunan iyali guda da ba ya canzawa, mu kuwa sunanmu na yanka ne, sai na mahaifi, wani lokaci na kaka, wani lokaci na gari. A ce sunanka Musa, mahaifinka Ibrahim, garinku Funtuwa. Maƙalar digirinka na biyu ta fito da sunan gari a ƙarshe. Fasfo bai ɗauki sunan garin ba, sai jami'ar da ka zo ta yi maka rajista da Ibrahim a matsayin sunan iyali. Abokin aikinka kuma da ya tura wata maƙala ya juya sunayen, ya mai da Musa sunan iyali. Ga PubMed da Scopus, manyan rumbunan da ke jera maƙalolin kimiyya, kun zama mutum uku: Funtua MI, Ibrahim M, da Musa I. Ambaton da aikinka ya samu ya rabu gida uku, kuma Ibrahim M ɗin ma ka haɗa shi da ɗimbin mutane daga Masar har Malesiya. Masu suna Muhammad sun fi kowa shan wannan, domin yau Mohammed, gobe Muhammed, jibi Mohd.

Maganin mai sauƙi ne, amma sai an yi shi kafin maƙala ta farko. Zaɓi siga ɗaya, wadda ta fi dacewa da fasfo, tunda jami'in biza da fasfo zai gwada. Idan kana da suna na tsakiya, kada ka yar da harafinsa, shi ke raba ka da takwarorinka. Buɗe ORCID, kyauta ne, lamba ce mai gurbi 16 da za ta bi ka har ƙarshen aikinka; akwai gurbin sauran sunayen da aka san ka da su, ka zuba tsofaffin sigogin a ciki. Duk maƙalar da sunanka zai shiga, ko kai ne na tara a jeri, ka nemi ganin shafin farko kafin a tura, ka sake dubawa idan mujalla ta aiko da gwajin bugu. Yawanci kwana biyu ake bayarwa, kuma da zarar ta fito gyaran suna ya koma rubuce-rubucen wasiƙu. Wanda ya riga ya rabu, Scopus na da fom na neman haɗe bayanan marubuci, a cike shi yau. 'Yar'uwa da ta yi aure bayan ta fara wallafa, ki riƙe sunan da kika fara da shi a kan maƙala, babu dokar da ta hana.

Sai guzurin da ake tahowa da shi daga gida. Mutum zai iso da maƙaloli goma sha biyar a takardar bayanin kansa yana ƙafafa, alhali goma sha biyu a mujallun da ke karɓar kuɗi su buga cikin mako guda ba tare da tantancewa ba suke. Mun san tsarin ƙarin girma ne ya tura mutane can, amma a nan shugaban ɗakin bincike yana ganin sunan mujallar yake fara shakkar sauran ukun na kirki. Duba kowace mujalla a PubMed, Scopus ko DOAJ, jerin mujallun da ake karantawa kyauta waɗanda aka tantance. Daga yau kuma duk wasiƙar da ta shigo tana zuba maka kirari tana roƙon maƙala, goge ta. Gidajen fannin sanannu ne: Genetics da G3, Yeast, FEMS Yeast Research, PLOS Genetics. Ƙaramin sakamako mai tsafta ma yana da wuri a microPublication Biology.

Kunyar nan tamu ta ƙin tambayar babba tana cin mutane a batun jerin marubuta. Na farko shi ya yi aikin, na ƙarshe shi ne mai ɗakin, na tsakiya taimako suka yi. Tambayi malaminka matsayinka tun aikin yana ɗanye, sannan ka aika masa saƙon imel na abin da kuka tsayar. Ba rashin ladabi ba ne a wurinsu.

Alƙaluman kansu ba su da wuyar fahimta. Ma'aunin h, wanda Jorge Hirsch ya fito da shi a 2005, idan ya nuna 6 yana nufin kana da maƙaloli shida da aka ambaci kowacce aƙalla sau shida. Google Scholar kan ba da adadi sama da na Scopus saboda yana ƙirga kundayen digiri da rubutun da ba a tantance ba, don haka ka faɗi inda ka ɗauko naka. A shafinka na Google Scholar, kashe ƙara maƙaloli kai tsaye, in ba haka ba zai loda maka aikin takwaranka. A fannin yis kayan aiki ne ke jan ambato: maƙalar Sikorski da Hieter ta 1989 da ta Longtine da abokansa ta 1998 an ambace su dubbai saboda kowa na amfani da abin da suka ƙera. Idan ka ƙera filasmid mai amfani, wato ɗan zoben DNA da ake shigar da ƙwayar gado cikin yis da shi, ajiye shi a Addgene, ma'ajiyar da ke rarraba su ga masu bincike. Yis yana ninkuwa cikin kamar minti 90, don haka gwaji na sauri, abin da ka gano wani ma na iya gano shi a watan nan, saboda haka ku sa rubutun a bioRxiv, shafin da ake ɗora maƙala kafin mujalla ta tantance ta, da zarar malaminka ya amince.

Ranar neman izinin zama a ƙasar ce duk wannan ke dawowa. A Ingila bizar Global Talent tana buƙatar amincewar hukuma irin Royal Society ko UKRI, hukumar da ke ba da kuɗin bincike a Birtaniya. A Amurka, EB-1A, hanyar samun izinin zama ta ƙwararru, tana son ka cika aƙalla uku cikin sharuɗɗa goma, ciki har da wallafa maƙaloli da tantance aikin wasu. Idan malaminka ya ba ka maƙalar da aka aiko masa ku tantance tare, roƙe shi ya sanar da editan sunanka, ka kuma adana wasiƙar godiyar mujallar. Lauyoyi sukan ware ambaton da ka yi wa kanka da na abokan rubutunka, su ƙirga na bare kawai, don haka yarjejeniyar "ambace ni in ambace ka" ba ta ƙara maka komai.

Adireshin imel na jami'a yakan mutu bayan ka kammala, wani wuri cikin 'yan makonni. Ka sa naka na kanka a matsayin na biyu a ORCID tun makon farko, kuma duk wasiƙar karɓar maƙala ko gayyatar tantancewa ka tura kwafinta can a ranar da ta shigo.